Yadda ake ɗaukaka ƙara daga kotunan jihar Maraɗi, da abin da kotun sama take dubawa

Alƙalan kotun sama ba su san gonarka ba, ba su san maƙwabcin da kuke rigima da shi ba, kuma ba sa nan ranar da shaidunka suka yi magana. Abin da ke isa gabansu kundin shari'a ne, wato dosiye, da abin da aka rubuta a ciki. Shi ya sa ƙararraki da yawa suke mutuwa tun kafin wani alƙali ya duba wa ke da gaskiya: ko wa'adi ya wuce, ko an ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, ko kuma hujjar da mutum yake taƙama da ita ba ta taɓa shiga takarda ba. Matakan da ke ƙasa na tsarin shari'ar Nijar ne, kuma da yake da Faransanci ake rubuta hukunci, an kawo kalmomin da za ka gani da idonka a kan takarda.

Da farko, hukunci ne a hannunka ko sulhu?

A rigimar gona, gado ko aure, yawanci ana farawa daga gaban mai gari ko sarki. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane, ba ta ba su ikon yanke hukunci ba. In an daidaita, ana rubuta takardar sulhu, ɓangarorin biyu su sa hannu. In abin ya faskara, ana rubuta takardar rashin sulhu, ita ce kuma za ka riƙa zuwa kotu. Ba a ɗaukaka ƙara a kan takardar sulhu, domin yarjejeniya ce da ka amince da ita da kanka, kuma abokin shari'arka yana iya kai ta kotu a sa mata hatimin zartarwa. Saboda haka duk wanda bai gamsu da abin da aka faɗa a fada ba, kada ya dangwala yatsa don kunyar manya. Ya nemi a rubuta cewa ba a daidaita ba, cikin ladabi. Warware abin da aka riga aka sa wa hannu ya fi ɗaukaka ƙara wuya nesa ba kusa ba.

Karanta shafin ƙarshe na hukuncin

Ranar da aka yanke hukunci, alƙali yakan karanta ƙarshensa ne kawai, sashen da ke farawa da "Par ces motifs". Layuka kaɗan ne, amma su ne ke gaya maka hanyar da ta rage maka. In ba ka jin Faransanci, ka tsayar da tafinta ko wanda ka yarda da shi ya fassara maka su ɗaya bayan ɗaya, ba a dunƙule ba.

In an rubuta "contradictoirement", ma'ana an saurari kowa, kai ma ka kare kanka. Hanyarka ita ce ɗaukaka ƙara, abin da ake kira apel. In an rubuta "par défaut", an yi hukuncin ne a bayan idonka. A nan akwai wata hanya da ta fi kusa, wato "opposition": ka koma wa kotun da ta yi hukuncin ka ce a sake zama tunda ba a ji ta bakinka ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan su nufi kotun sama, su yi asarar zama guda da doka ta ba su a kusa da gida. Amma a kula, wanda ya nemi a sake zama sannan ya ƙi zuwa, an rufe masa wannan ƙofa. Akwai kuma "réputé contradictoire", wanda ake rubutawa idan sammaci ya isa hannun mutum ya ƙi halarta. Shi apel kawai ya rage masa.

Sai ka nemi "en premier ressort" ko "en dernier ressort". Na farko yana nufin ana iya ɗaukaka ƙara. Na biyu yana nufin babu apel, sai dai a kai maganar kotun ƙoli a Yamai, wadda aikinta daban ne, za mu zo kansa. Daga ƙarshe, ka duba ko akwai "exécution provisoire", wato zartarwar wucin gadi. In akwai, abokin shari'arka yana iya fara karɓar abin da aka hukunta masa ko da ka ɗaukaka ƙara.

Wa'adi

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. A shari'ar laifi da kotun farko ta yanke a gabanka, kwana 10 ne daga ranar da aka furta hukuncin. A hukuncin kotun kasuwanci kwana 8 ne. Wanda aka kawo wa umurnin biyan bashi, "injonction de payer", kwana 10 yake da su ya ƙalubalance shi, bisa dokar OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da Nijar take ciki, da aka sabunta wadda ta fara aiki a 2024. A da kwana 15 ne, kuma har yanzu akwai 'yan kasuwa da ke lissafi da tsohon adadin. Sauran shari'o'i kowace da nata wa'adin, kuma alƙali yakan faɗe shi a ƙarshen hukunci, ana rubuta shi a layin ƙarshe.

Abu biyu ke ruɗa mutane. Na ɗaya, daga yaushe ake fara ƙirga. In kana nan aka yanke, galibi daga ranar ne. In ba ka nan, daga ranar da mai isar da takardun kotu, wato huissier, ya kawo maka hukuncin. Ƙin karɓar takardar daga hannunsa ba ya tsayar da komai, zai rubuta cewa ya zo ka ƙi karɓa, kwanaki su ci gaba da tafiya. Haka in ya bar ta a gidanka hannun ɗanka ko ƙaninka, aka jefa ta cikin akwati aka manta. Na biyu, jiran a buga hukuncin. Sau da yawa cikakken rubutun ba ya fitowa sai bayan makonni, mutum ya zauna yana cewa sai ya karanta dalilan alƙali tukuna. Ba a jira. Ana shigar da apel a kan abin da aka furta, dalilai su biyo baya. Zaman dangi na neman sulhu bayan hukunci shi ma ba ya tsayar da wa'adi. Ka shigar da ƙararka, in sulhun ya yiwu sai ka janye, janyewa ba ta da wuya.

Shawara mafi aminci ita ce ka ɗauka mako guda kake da shi na shigar da apel, kowace irin shari'a ce.

A ofishin magatakardan kotu

Ba kotun sama ake fara zuwa ba. A shari'ar laifi da ta al'ada, ana komawa kotun da ta yi hukuncin ne, a shiga ofishin magatakarda, girefiye. Ka zo da katin shaidarka, da lambar hukuncin da ranarsa. Ka ce: "Malam, na zo ɗaukaka ƙara a kan hukunci mai lamba kaza na ranar kaza." Zai buɗe rajista ya rubuta sunanka, da matsayinka a shari'ar, da ranar da ka zo, ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, shi ma ya sa. Kafin ka sa hannu ka kalli ranar da ya rubuta da idonka. Sannan ka nemi takardar shaidar ɗaukaka ƙara mai hatimi, ka yi mata kwafi biyu, ka ajiye ta asalin a gida. Faɗa wa alƙali da baki a cikin zauren kotu cewa ba ka yarda ba, ba apel ba ne. Gaya wa wani ma'aikaci a bakin ƙofa ma ba apel ba ne. Duk kuɗin da ka biya a ofishin, ka karɓi rasit.

Wanda ke tsare a gidan kaso ba sai an fito da shi ba: yana sanar da shugaban gidan kason, a rubuta a rajistarsu, a aika wa kotu. Dangi su tabbatar an rubuta ɗin, kada su tsaya ga "ai ya ce ya faɗa musu".

A shari'ar kuɗi, haya, kwangila da makamantansu, ana buƙatar rubutacciyar takardar apel, kuma sai an sanar da abokin shari'a ta hannun huissier. Kuskure a suna, ko a adireshi, ko a kotun da aka ambata, yana iya jawo a yi watsi da ƙarar. A nan kuɗin lauya ba asara ba ne. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011, wadda ke da ofisoshi a manyan kotunan jihohi.

Daga nan ka nemi kwafin hukuncin. Iri biyu ne. "Expédition" kwafi ne na karantawa da kafa hujja, shi kake buƙata. "Grosse" ita ce mai ɗauke da umurnin zartarwa, wadda wanda ya yi nasara yake karɓa don ya sa a ƙwace kaya ko a fitar da mutum. In wa'adi ya cika ba ka motsa ba, zai karɓi shaidar cewa ba a ɗaukaka ƙara ba, ya haɗa da grosse, daga nan bakin alƙalami ya bushe.

Ina dosiyen zai tafi

Ƙananan kotunan gundumomi, irin na Tasawa, Dakoro, Mayahi, Madarunfa da Gidan Rumji, ba duka hukuncinsu ke bin hanya ɗaya ba. A tsarin da aka daɗe ana bi, shari'ar al'ada, wato aure, saki, gado, da gonar da ba ta da rajista, babbar kotun Maraɗi ce ke sake duba ta. Shari'ar laifi da sauran shari'o'in da ake yi da rubutacciyar doka, da kuma abin da babbar kotun Maraɗi ta yanke da kanta a matakin farko, kotun ɗaukaka ƙara suke zuwa, kuma wadda ta saba karɓar na Maraɗi ita ce ta Damagaram, kusan kilomita 240 daga nan. Ka tambayi girefiye wace kotu ce za ta karɓi taka, ya rubuta maka.

Dosiye ba ya tafiya da kansa. Sai an buga hukunci, alƙali da girefiye sun sa hannu, an jera takardu an lissafa su, sannan a aika. Yana iya kwana a kan tebur watanni in ba mai bibiya. Ka riƙa leƙawa, ka nemi lambar takardar aikawa da ranarta, domin da ita za ka tambaya a can. Kuma ka bar adireshi da lambar waya da za a same ka, don sammacin zama ba zai bi ka kasuwar Jibiya ko wurin ci-rani ba.

Ko apel yana tsayar da hukunci

A ƙa'ida, eh: muddin wa'adin bai cika ba, ko an shigar da apel, ba a zartar da hukuncin. Amma in an ba da zartarwar wucin gadi da aka ambata a sama, dole a shigar da wata buƙata ta daban a kotun sama, "défense à exécution provisoire", a nemi a dakatar. Apel shi kaɗai ba zai hana huissier zuwa shagonka ba. Wanda kuma aka yanke wa ɗauri yana tsare, zai ci gaba da zama a tsare har a sake zama, sai in ya nemi sakin wucin gadi an ba shi.

Abin da kotun ɗaukaka ƙara take yi

Alƙalai uku ne ke zama a kotun ɗaukaka ƙara. Tambayarsu ta farko ba ta shafi gaskiyarka ba: an shigar cikin wa'adi, ta hanyar da ta dace, kuma mai ƙarar yana da hurumin shigarwa? In amsar a'a ce, za su rubuta "irrecevable" su rufe dosiye. In ta tsallake, sai su sake duba shari'ar gaba ɗayanta, abin da ya faru da kuma dokar da aka yi aiki da ita. Suna iya sauraron shaidu, su sa a je a ga gonar, ko su naɗa ƙwararre ya duba lissafi.

Akwai iyaka biyu. Suna duba abin da ka kai kuka a kansa ne kawai. In ka ce adadin diyya kaɗai ba ka yarda da shi ba, ba za su taɓa sauran ba. Sannan ba a kawo sabuwar buƙata. Wanda ya nemi a biya shi kuɗin buhunan wake a kotun farko, ba zai zo nan ya ƙara da kuɗin hayar sito da bai taɓa ambata ba. Sabuwar hujja kuwa ana karɓa: rasit da aka gano daga baya, takardar hukumar filaye ta Cofo, shaidar sayen gona da mai gari ya sa wa hannu, ko dattijon da ya san iyaka amma ba a kira shi ba.

Don haka shirin apel aikin zama ne da hukuncin a hannu. A bi dalilan alƙali sakin layi bayan sakin layi, a ware inda ya kauce: ya ce ba ka kawo shaida ba alhali sunayen shaidunka suna cikin rubutun zama, ya jingina da takardar da ba a taɓa nuna maka ba, ya raba gado ya manta da magaji guda, ka nemi abu uku ya amsa biyu. Kuskure uku da aka nuna da shafi da layi sun fi dogon jawabi a kan cewa an zalunce ka. Zargin cewa an sayi alƙali, ba tare da hujja ba, ba ya ƙara maka komai a wannan zaure.

A shari'ar al'ada akwai abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Alƙali ba ya zama shi kaɗai, yana zama da masu ba da shawara biyu da suka san al'adar masu shari'ar, waɗanda a wurarenmu galibi malamai ne. Shawara suke bayarwa, hukunci na alƙali ne, amma dole hukuncin ya nuna sun zauna, ya kawo sunayensu, ya faɗi al'adar ɓangarorin, ya kuma bayyana ƙa'idar al'adar da aka yi aiki da ita a fili. Hukuncin da ya ce kawai "bisa al'ada" bai faɗi mece ce al'adar ba, yana da rauni, kuma an sha soke irinsa. Batun rantsuwa da Alƙur'ani ma a yi hattara. Wanda ya ce da bakinsa "in ya rantse na bar masa", aka rubuta, aka yi rantsuwar, da wuya kotun sama ta buɗe masa abin da ya rufe da kansa.

Apel yana da haɗarinsa. Abokin shari'arka yana iya shigar da nasa a kan naka, ya nemi ƙari. A shari'ar laifi, in wanda aka hukunta ne kaɗai ya ɗaukaka ƙara, ba a tsananta masa hukunci. In mai shigar da ƙara na gwamnati shi ma ya ɗaukaka, kuma yakan yi hakan, to ana iya ƙara masa. Wanda aka cuta kuwa, apel ɗinsa diyyarsa kawai ya shafa, ba shi da ikon neman a ƙara wa mai laifi shekaru. A ƙarshe za ka ga ɗaya daga cikin kalmomi uku: "confirme", an tabbatar da hukuncin farko, "infirme", an canza shi duka ko wani sashe, "annule", an soke shi saboda an karya ƙa'idar shari'a, kuma galibi kotun takan yanke nata a madadinsa.

Yamai: inda ake yi wa hukunci shari'a

A ƙarƙashin tsarin mulkin 2010, Cour de cassation ce ke karɓar ƙarar da ake kaiwa kotun ƙoli bayan apel, Conseil d'État kuma na kula da ƙararrakin da suka shafi hukumomi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an haɗa ayyukansu a Cour d'État. Suna ya canza, amma yanayin aikin yana nan.

Wannan kotu ba zama na uku ba ce. Ba ta kiran shaidu, ba ta zuwa gona, ba ta sake auna wa ya fi gaskiya. In alƙalan kotunan da ke ƙasa da ita sun ce sun gamsu cewa kakan wane ne ya sare dajin, ta karɓa a haka. Tambayarta ita ce ko hukuncin ya bi doka: an karya doka ko al'ada, ko an yi mata gurguwar fassara, kotun da ta yi shari'ar ba ta da hurumi, ba a ba da dalilai ba, ko dalilan suna karo da juna, an bar wata buƙata ba a amsa ba, an tsallake wata ƙa'ida da doka ta wajabta, kamar zaman masu ba da shawara. Wanda ya cika takardarsa da labarin yadda rigimar ta faro tun zamanin kakanni, za a ƙi ƙararsa ko da labarin gaskiya ne. Kowane dalili sai an faɗi ayar dokar da aka karya, da wurin da hukuncin ya karya ta. Wannan aikin lauya ne.

Wa'adin a shari'ar da ba ta laifi ba wata guda ne daga ranar da aka isar maka da hukuncin, ana ajiye rubutacciyar takarda a ofishin girefiyen kotun da ta yanke, sannan a sanar da ɗaya ɓangaren. A shari'ar laifi 'yan kwanaki ne ƙasa da na apel, don haka ranar hukunci ko washegari ake zuwa. Kuma saɓanin apel, kai ƙara Yamai a shari'ar kuɗi da dukiya ba ya tsayar da zartarwa, sai a wasu keɓaɓɓun batutuwa da doka ta lissafa, kamar matsayin mutum na aure ko nasaba.

In ta rubuta "rejette", magana ta ƙare. In ta rubuta "casse et annule", ka yi nasara a kan hukuncin, ba a kan gonar ba tukuna. Galibi takan mayar da dosiye ga wata kotu mai daraja ɗaya da wadda aka soke wa hukunci, ko ga ita wannan kotun da wasu alƙalai daban, a sake shari'ar. Ana iya sake shan kaye a can, wannan karon da dalilan da aka rubuta da kyau. Kafin a kama hanyar da ta fi kilomita 600, ya kamata a auna darajar abin da ake rigima a kai da kuɗin lauya, da na huissier, da shekarun da za a iya ɗauka.

'Yan kasuwa su lura da Abidjan

Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 1993. In rigimar ta shafi waɗannan dokoki, kamar karɓar bashi, ƙwace kaya ko asusun banki, hayar shago, jingina ko kamfani, mataki na ƙarshe ba Yamai ba ne, CCJA ce, kotun haɗin gwiwa ta ƙasashen OHADA da ke Abidjan. Wa'adin wata 2 ne daga ranar isar da hukunci, kuma lauya wajibi ne. Bambancinta da kotun Yamai shi ne, in ta soke hukunci ba ta mayar da shi gida, da kanta take yanke shari'ar, kuma hukuncinta yana aiki a duk ƙasashen ƙungiyar. Ɗan kasuwar da ya kai irin wannan ƙara Yamai yana iya ɓata watanni kafin a ce masa ba nan ba ne, saboda haka tun ranar da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke, lauyansa ya duba da wace doka aka yi shari'ar kafin ya rubuta layi ɗaya.